Yaƙutun Malam Salmanu

Ku gyara zama ku ji yadda Malam Salmanu ya tafi neman kujera da kwali a ƙirji.

Mu 'yan Damagaram mazauna Faransa muna da ƙungiya, don mu dai duk inda muka kai mutum uku sai mun kafa ƙungiya, mu raba muƙami biyar. Duk bayan shekara biyu ake zaɓen shugaba a wani zaure da ake karɓo aro a Sevran, can gefen Paris. Sau uku Salmanu yana tsayawa, sau uku yana shan ƙasa. A na ƙarshe, da aka zazzage ƙuri'u daga cikin hular da ake jefa su, sai da mai ƙirga ya kakkaɓe hular sau biyu, ko wata ta Salmanu ta maƙale a ciki. Ba ta maƙale ba.

A unguwar Minguettes yake zaune, a Vénissieux kusa da Lyon, a hawa na tara, shi da matarsa Shafa'atu da 'yarsu Hafsah. Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya a wata babbar mangazar ajiye kaya. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara hula ya ce, “Harkar ƙasa da ƙasa.” Ba ƙarya ya yi ba, kwalayen daga ko'ina suke zuwa.

A jikin wani kwali ne ya ga abin. Adireshin Amirka ne, sunan garin kuma Ruby. Ya tambayi salularsa ma'anar kalmar, ta ce masa yaƙutu, jan dutsen nan mai tsada. Ya buɗe taswira. Ga wani gari Diamond. Ga Pearl, ga Emerald, ga Opal. Daimon, lu'ulu'u, zumurrudu, duk ga su a warwatse kamar an zubar da gero, kuma duk 'yan ƙananan garuruwa, wani ma mutanensa ba su cika motar safa biyu ba. Salmanu ya daɗe a kan motar, cokulanta na ɗaga kaya a sama, har sai da shugaban aiki ya buga masa tsawa.

Da ya koma gida ko takalmi bai cire ba.

“Maman Hafsah, bar tukunyar nan ki zo. Me ke akwai a Dogondutsi?”

“Mutane.”

“Ban da mutane.”

“Dogon dutse.”

“Madalla. Magarya fa?”

“Baban Hafsah, miyata za ta kama.”

“Itacen magarya! Kin gani? Ba a raɗa wa gari suna a banza. Abin da aka tarar a wurin, shi ake kiransa da shi. To ga gari a Amirka sunansa Yaƙutu, mutum ɗari da 'yan kai ne a ciki, duk tsofaffi. Sun gaji da duƙawa. Ni zan kai ƙungiyarmu can. Kowane ɗan Damagaram ya cika aljihu ɗaya, mu dawo.”

Shafa'atu ta dube shi da muciya a hannu.

“Shekara nawa kana zuwa Goutte d'Or a Paris sayen busasshiyar kuɓewa?”

“Sha biyu.”

“Sunan unguwar Ɗigon Zinariya. Ka taɓa ganin ɗigo ɗaya ya ɗiga?”

“Faransawa ne. Su da ma haka suke.”

“Lambun nan na Lyon da muke kai Hafsah ganin raƙumin dawa fa? Tête d'Or. Kan Zinariya.”

Idon Salmanu ya ƙanƙance.

“Wa ya ce maki babu? An tona ne?”

“Wayyo ni,” in ji Shafa'atu, ta koma wajen miyarta.

Abokiyar takararsa a wannan karon Dakta Kausar ce, mai bincike a jami'a a nan Lyon. Abin da ta yi shekara goma tana karantawa kuwa shi ne duwatsu. Da Salmanu ya hau jirgin tiram ya je ya tambaye ta, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma ina aka taɓa kai wa abokin hamayya sirri? Alkawuranta ma dariya suke ba shi: a riƙa tarbar sabbin ɗalibai a filin jirgi, a tsara masu zuwa gaida marasa lafiya. “Wannan ai aikin direban taksi ne,” in ji shi.

Ya zauna ya rubuta wa ofishin magajin garin Ruby wasiƙa. Ya rubuta da Faransanci, salula ta juya masa zuwa Ingilishi. Ya ce shi babban mutum ne a Faransa, tun yana yaro yake ƙaunar Ruby, yana roƙon a gaya masa daidai inda take a cikin ƙasa da zurfin wurin, kuma in da hali a aiko masa da ko ɗan guntu ne ya nuna wa jama'arsa.

Kwana biyu sai ga amsa daga wata Madam Doris, sakatariyar ofishin. Gajeriya ce. Salula ta fassara: “Ka sa mu duka kuka. Ba mu san labarin Ruby ya kai Faransa ba. Kaya na hanya.”

A ranar ya saki saƙon murya na minti goma sha ɗaya a zauren WhatsApp na ƙungiya. Ya ce kowa ya sabunta fasfonsa. Ya ce mai ciwon baya ya fara shan magani tun yanzu, don aikin na duƙawa ne. Ya ce ranar zaɓe zai ajiye yaƙutun Amirka a kan tebur, wanda bai taɓa gani ba ya zo da tabarau.

Kafin kayan su iso, ya ga ya kamata ya ƙware. Ya sayo ɗan gilashin nan da maƙeran zinariya suke maƙalawa a ido. Washegari ya haɗu da maƙwabciyarsu Hajiya Balkisa ta hawa na huɗu a cikin asansar, na'urar hawa bene, ita ma 'yar Damagaram ce, ita da mijinta ƙuri'a biyu ke nan.

“Hajiya, ina kwana? Ina gajiya? Ara mani zoben nan in gwada idona.”

Ta miƙa. Ya maƙala gilashi, ya juya zoben, ya hura masa iska, ya goga a riga.

“Kwalba ce.”

“Me ka ce?”

“Fasasshiyar kwalbar lemo. Kada ki ji komai, in mun dawo zan ba ki na gaske.”

“Alhaji ne ya kawo mani daga Dubai!”

“To, a Dubai ma ana shan lemo.”

Kwana uku ba a ɗora tukunya a hawa na huɗu ba. A rana ta huɗu mijin ya hauro hawa biyar da ƙafa, don ba ya son jiran asansar ya huce, ya ajiye wa Salmanu takardar shagon da hatimi a kai. Daga baya aka gane Salmanu ta baya yake saka gilashin. Ƙuri'a biyu sun tafi.

Sai kuma ya sayo diga. Mutumin da ya shekara goma sha biyar bai riƙe fartanya ba, dole ya tuna wa damtsensa. A gindin benensu akwai ɗan lambu da aka yanka wa mazauna, kowa da fegin da bai wuce tabarma biyu ba. Ranar Asabar da hantsi ya zaɓi wani wuri da ya ga babu komai sai busasshen ganye, ya yi bisimilla. Sara na uku ya ji abu. Ya duƙa, ya tono wani dunƙule ja-ja.

Dankali ne.

Sara na bakwai ya samu tiyon ban ruwa. Ruwa ya yi tsiri sama, ya dawo masa a ka. Tagogi suka fara buɗewa daga hawa na ɗaya har na goma sha biyu. Mai fegin, wani tsohon Bafaranshe mai suna André, ya taho da sandarsa a hankali, ya tsaya yana duban dankalinsa da aka daddatsa.

“Mushe Salmanu, me kake nema a gonata?”

“Horo nake, Mushe André. Zan tafi Amirka haƙar yaƙutu.”

“A Amirka ma dankalin mutane za ka fara ci?”

Daga hawa na huɗu muryar Hajiya Balkisa ta sauko, da Hausa tsantsa don kowa namu ya ji: “Malam, duba da gilashinka mana! Ƙila shi ma kwalba ne!”

Wani ya ɗauki bidiyo. Kafin azahar an gani a Sevran, kafin la'asar an gani a Damagaram, wata gwaggonsa ta bugo tana tambaya ko aikin rijiya ya koma.

Salmanu bai karaya ba. “Bari kwali ya zo,” shi ne abin da yake ce wa kowa.

Kwalin ya zo saura kwana biyu zaɓe. Ƙarami ne, amma da nauyi. Ya girgiza shi kusa da kunne, wani abu mai tauri ya yi ƙwas da wani abu mai tauri. Sai da ƙwalla ta zo masa.

“Buɗe mu gani,” in ji Shafa'atu.

“A'a. In na buɗe a nan, magabta za su ce a kasuwar Guillotière na sayo duwatsun roba na zuba. A gaban jama'a za a buɗe, da tamburan Amirka a jiki.”

“To bari in karanta maka 'yar takardar duwan, wato kwastan, da ke manne a gefe. Ai suna rubuta abin da ke ciki. Na ɗan yi Ingilishi a lakwal.”

“Suna rubutawa?” Ya zabura. “Don ɓarayin jirgi su karanta?”

Ya ɗauko baƙin salatif ya lulluɓe takardar ruf. Shafa'atu ta riga ta ga kalma biyu. Ta buɗe baki.

“Baban Hafsah, ka saurare ni minti ɗaya…”

“Ranar Lahadi za ki zama matar shugaba. Ki yi magana a lokacin.”

Ta rufe bakin. Ta shiga ɗaki ta ƙara saka masa riga ta biyu a jaka.

Ranar Lahadi da safe ya sa farar shaddarsa mai aiki a wuya, wadda ya ajiye tun bikin ƙanensa. Ya ɗaure kwalin a ƙirji da ɗankwalin matarsa, ya rufa babbar riga a kai, sai ya zama kamar mai cikin wata bakwai. A jirgin Lyon zuwa Paris wata tsohuwa ta tambaye shi ko yana bukatar likita. Awa biyu bai jingina ba, bai sha ruwa ba, duk wanda ya wuce zuwa bayi sai ya bi shi da harara.

A Châtelet, inda za su canza jirgi zuwa Sevran, ya ji ƙarar rufe ƙofa tun suna kan matakala. Ya kwasa da gudu. Babbar riga ta harɗe ƙafa. Ya tafi gaba ɗaya, ya sauka a kan ƙirji, wato a kan kwali. Wani abu ya ce tas a ciki.

“Ka ji ciwo?” in ji Shafa'atu.

“Yaƙutu ba ya fashewa,” in ji shi, yana kakkaɓe gwiwa.

Zauren ya cika maƙil. Ko a shekarar da aka yi rigimar shinkafar Sallah ba a taru haka ba. An zo daga Clichy-sous-Bois, an zo daga Lille, har da 'yan Chadi da 'yan Kamaru da ba su da ƙuri'a, sun zo kallo. Dattijon ƙungiya, Alhaji Rachidou, wanda ya zo Faransa tun kafin a haifi rabin mutanen wurin, shi ke jan zaman. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Dakta Kausar ta tashi ta yi minti biyar a kan filin jirgi da asibiti, aka tafa mata tafin ladabi.

Salmanu ya miƙe.

“Jama'ar Damagaram! Me ke akwai a Dogondutsi?”

“Dogon dutse!” in ji zaure, don kowa ya ji saƙon muryar.

“A Magarya fa?”

“Malam Salmanu,” in ji Alhaji Rachidou, “jini kake yi.”

Ya duba. Daga tsakiyar ƙirji wani jan abu ya ɓullo ta cikin shadda, yana gangarowa a hankali zuwa ciki. Mata suka fara salati. Wani ya ce a kira motar asibiti. Amma bakin Salmanu bai saba jiran kansa ba.

“Ku kwantar da hankali! Ɗanyen yaƙutu ne. In sabon haƙa ne, yana gumi.”

Kowa ya juya wajen Dakta Kausar. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

“Yaya Salmanu, ni dai ban kai wannan babin ba.”

Ya kwance ɗankwali, ya ɗora kwalin a tebur. Alhaji Rachidou ya yanka salatif da 'yar wuƙar yankan farce. Salmanu ya tura hannu ya zaro abu na farko, ya ɗaga sama ba tare da ya duba ba.

Lanƙwasasshen ƙarfe ne mai tsatsa, da hujojin ƙusa.

“Takalmin doki!” wani ɗan Chadi ya faɗa daga baya.

“Ma'auni ne,” in ji Salmanu. “Da shi ake… ake aunawa.”

Abu na biyu fasasshiyar kwalba ce, rabinta cike da jan abu mai danƙo. Alhaji Rachidou ya dangwala yatsa, ya shinshina, ya kai baki.

“Kwanfitir ne, 'ya'yan itacen nan da ake dafawa da sukari. Kuma wallahi mai kyau.”

“Kwalba!” Hajiya Balkisa ta miƙe tsaye, zobenta na walƙiya. “Ku duba, jama'a! Kwalba ce!”

Sai wata riga mai gajeren hannu, da hoton wata dabba mai dogayen kunnuwa a gaba. Sai taswira da aka zana da hannu, da jan gicciye a tsakiya. Salmanu ya cafke ta kamar wanda ruwa ya ci ya samu igiya.

“Ga shi nan! Ga wurin haƙa! Har da zurfi, ku duba!”

“Akwai wasiƙa,” in ji Alhaji. “Wa ke jin Ingilishi sosai? Dakta, taimaka.”

“Baba Alhaji, ko a bar shi ya karanta a gida?”

“A karanta!” in ji Salmanu. “Ni ba ni da abin ɓoyewa.”

Kausar ta share kwanfitir daga takardar, ta fara fassarawa, muryarta a daidai kamar mai karanta sakamakon gwaji.

“Zuwa ga abokinmu na Faransa. Ruby alfadarar kakan kakana ce. Ita ta jawo amalankensa har zuwa nan. Da suka iso bakin rafi ta tsaya, ta ƙi gaba, ta ƙi baya. Kwana uku ana bugu ana lallashi. Da ya gaji sai ya sauke kaya ya gina gida, garin ya ci sunanta. Ka tambayi inda take a cikin ƙasa: tana ƙarƙashin itacen da na sa wa alama, zurfin ƙafa shida. Muna roƙo kada a tone ta. Guntun da ka nema, ga ɗaya daga cikin takalmanta. Kwanfitir ɗin ni na dafa. Duk shekara muna bikin tunawa da ita, ana zaɓen mutumin da ya fi kowa taurin kai a ba shi wannan riga. Bana mun ga babu wanda ya kai mai neman alfadara tun daga Faransa.”

Sannan Alhaji Rachidou, mutumin da ba a taɓa ganin haƙoransa a taro ba, ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Daga nan ba a ƙara jin komai ba. Wani ya faɗo daga kujera. Mijin Hajiya Balkisa ya fita waje ya dawo, ya sake fita. Wata mata tana ta cewa “Ƙafa shida! Kada a tone ta!” tana dukan cinyar maƙwabciyarta.

Salmanu na tsaye da takalmin alfadara a hannu, kwanfitir na ɗiga daga shaddarsa. Shafa'atu ta taso ta miƙa masa rigar da ta saka a jaka.

“Kin sani?” ya tambaya a hankali.

“Kalma biyu na gani: ƙarfe da kwanfitir. Alfadarar ni ma yau na ji.”

Aka zaga da hula. Dakta Kausar ta samu tamanin da huɗu. Salmanu ya samu biyu. Mai ƙirga ya ɗaga hular zai kakkaɓe, Salmanu ya ce, “Bar ta, ɗan'uwa. Kada ka wahalar da hula.”

A jirgin komawa Lyon ya juyo wajen Shafa'atu.

“Maman Hafsah, na gode. Duk duniya ta gudu, ke kin tsaya.”

“Kausar na jefa wa.”

“To ta biyun fa?”

“Baba Alhaji. Ya ce in gaya maka, in za ka sake rubuta wa matar nan, kwalba biyu yake so.”

Yanzu shekara guda ke nan. Ana tarbar ɗalibai a filin jirgi, ana zuwa gaida marasa lafiya, kuma Salmanu ne ke tuƙa su, don shi ke da mota mai kujera bakwai. Takalmin yana rataye a ƙofar gidansa. Mushe André ya ce a wajensu alamar sa'a ce, shi ne ma ya kawo ƙusar. Gidan kuwa ya samu suna. Daga Lyon har Sevran ba mai cewa hawa na tara, sai dai “Gidan Alfadari”.

Kwanan baya ya ɗauko wani sabon ɗalibi daga filin jirgi, ya kawo shi cin tuwo. Baƙon ya tsaya a ƙofa yana duban ƙarfen.

“Kawu, me ya sa ake ce wa nan Gidan Alfadari?”

Salmanu ya gyara hula. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya a tsakiyarta sanye da rigar nan mai dogayen kunnuwa.

“Kai ba ɗan Damagaram ba ne? Tun farko na gaya masu, ba su yarda ba. Ba a raɗa wa wuri suna a banza. Abin da aka tarar a ciki, shi ake kiransa da shi. Shigo.”